Nonon Gidanmu Ba Guba Ba Ne

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana. Ni ce Rifkatu mai ɗinki ta Ƙofar Doka, wadda muryarta ta fi ta kowa a zumuntar mata. Yau sai haƙuri, don zan ƙara ɗaga ta.

A gidanmu mace ba ta shayar da 'ya mace. Ciwon daji na nono ya ɗauke kakata, ya ɗauke yayar mahaifiyata, sai manya suka yanke cewa ta ruwan nono yake bi. Da aka haife ni, maƙwabciyarmu Hajiya Asabe aka miƙa wa ni, ta shayar da ni tare da ɗanta. Ni ma da na haifi 'yata Murna, da madarar gwangwani na raine ta, nonona yana zuba ina kuka a bayan ɗaki.

Duk wannan guje-gujen bai hana ciwon ya same ni ba. An yi mini aiki, na sha magani har gashina ya zube. Hajiya Asabe, da sandarta, ta riƙa raka ni asibiti tana faɗa, wai tun farko ta gaya wa uwata wannan zance camfi ne.

Wata likita ta nemi izinin bincika jinina da naman da aka cire. Ta ce akwai ƙwayoyin halitta da muke gada daga iyaye, kowace da aikinta. Da sakamako ya fito, an ga wata ƙwaya mai aikin gyara ɓarna a jiki ta samu tangarɗa, kuma da ita aka haife ni. Na tambaye ta batun nono. Ta ce, "Mama, babu ruwan shayarwa a ciki."

Amma a lokacin Murna tana da tsohon ciki, har ta sayi kwalaben madara. Ta ƙi yarda da maganar likita, ta ƙi gwaji. Ta ce, "Mama, idan aka ce ni ma ina da tangarɗar, da wane ido zan kalli jaririyata?"

Na durƙusa gefen keken ɗinkina na ce, Ubangiji, kai ka saƙa mu a cikin uwayenmu, ka san kowane zare. Ka cire wa yarinyar nan tsoro, sakamakon kuwa ko yaya ya zo, za mu karɓa.

Ba a rufa mako ba ta zo da kanta ta ce in raka ta. Aka ɗebi jini, muka yi ta jira. Murna ba ta gaji tangarɗar ba. Halleluya!

Ina alfahari, ba zan ɓoye ba. Ni ce mace ta farko a zuriyarmu da ta tsallake ciwon nan, kuma na yarda masana su ci gaba da nazarin namana don wasu mata su amfana.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ku je asibiti da wuri, kada tsoro ya yanke muku hukunci. Ga Murna can a bencin baya. Ba za ta iya miƙewa ta gaishe ku ba, tana shayar da 'yarta. Amin.