Karatu a Bakin Ƙofar Ɗana

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni tsohon malamin makaranta ne, Kirista, a Bodinga. Dā na ɗauka tarbiyya tana ƙarewa ran da yaro ya kammala boko. Ashe ƙarya ne.

Tsuke bakin aljihun gwamnati ya raba ɗana Bitrus da aikinsa a Sakkwato. Ya dawo gida da gemunsa, ya kulle kansa a ɗaki, ya ce shi da addu'a an rabu har abada. Kullum da sassafe nakan zauna bakin ƙofarsa in karanta Maganar Allah da ƙarfi. Wata biyar bai buɗe ba. Na gaji, jiya na ƙi zuwa. Sai na ji muryarsa daga ɗaki: "Baba, lafiya yau?"

Masu sauraro, ku ba ni shawara, in ci gaba? Uwarsa dai ta riga ta shimfiɗa mini tabarma a wurin.