Dabinon da Hauwa'u Ta Ba Ni Saƙo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya, kai da masu sauraro.

Ni malamar Islamiyya ce nan Ƙaura Namoda. Na ƙago ma yarana labarin wani jarumi, Ɗan Sama, mai tashi kamar shaho yana ceton masu gaskiya, don su bar ƙarya. Sai na buɗe da Bismillah yadda na saba, ban ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba. Ashe sun ɗauka ƙissa ce ta gaske.

Ran Asabar da anka tashi, wata ɗalibata, Hauwa'u, ta tsaya. Daga wajen Zurmi sunka gudo, bayan ɓarayin daji sun tafi da mahaifinta. Ta kwance bakin hijabinta, ta miƙo mani dabino, ta ce, "Malama, ki ba Ɗan Sama, ki ce mashi Babana na daji. Wallahi na bar ƙarya tun rannan."

Na amshi saƙon. Dabinon na cikin jakata har yau.

Malamai, iyaye, don Allah ku ba ni shawara. Ina tsoron ƙarya gaban Ubangiji, ina tsoron karya zuciyar yarinyar ga. Gobe za ta tambaye ni ko saƙo ya isa.

Taku, Malama Hajara.