Murhun da Na Naɗa wa Talatu

Akuyata na sayar a kasuwar Agyaragu na yi kuɗin mota zuwa Fatakwal. Ban daɗe da yaye 'yata Talatu ba. Na kwance ta daga bayana na miƙa wa Inna, ban waiwaya ba don kada in fasa. Ke Rifkatu, matso, ke da kike cewa birni za ki, da ke nake.

Na samu aiki a shagon wani Oga mai haɗa murhun lantarki. Nawa shi ne naɗa siririyar wayar nan da ke yin ja in wuta ta shige ta. Ni da na tsaya a firamare, sai ga Oga da alli a bango yana koya mini lissafi. Da sunan garinmu yake kirana.

"Madam Lafia, wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin ce. Ninka ta da kanta, ki raba da wat ɗin da ake so. Shi ne rizistans."

"Rizi me, Oga?"

"Taurin kan wayar, yadda take hana wuta wucewa."

Murhu mai wat dubu, amsar arba'in da takwas da ɗan kai. Ma'aunin wai om, kamar nishin mai ciwon ciki. In ja waya, in ɗora mita, in ta nuna haka in yanke. Ta yi gajarta ta ƙone, ta yi tsawo ruwa ya ƙi tafasa.

Hannuna na naɗi, raina na gida. Wa ke yi mata kitso? Hayaƙin icen Inna bai sa ta tari ba? Duk Kirsimeti in ce zan je, Oga ya ce aiki ya yi yawa, bari sai Ista. Tsorona ɗaya, kada yarinyar ta manta ni.

Da zan dawo bayan shekaru, na naɗa mata murhu da hannuna. Na iso unguwarmu Bukan Sidi a Lafia, na jona shi a ɗakin Inna. Ashe wutar unguwa rabi ce, ƙwan lantarki ja kamar manja. In bolt ya faɗi rabi kuwa, kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ke saura. Wayar ko ja ba ta yi ba.

Talatu, wadda yanzu ta kai kafaɗata, ta taɓa tukunyar, ta dube ni da ladabi.

"Anti, bari in hura ice, kin sha hanya."

Inna ta buɗe baki za ta gyara mata, na girgiza kai. Na bi ta madafa, na riƙe mata ashana.