Waɗanda Suka Kai Ƙarshe Kaɗai Aka Ƙirga

A bencin jiran likita, wani dattijo riƙe da kwalin magani ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, kin ga sabon maganin hawan jinin nan? An ce duk waɗanda aka gwada shi a kansu sun samu sauƙi."

"Waɗanda suka kai ƙarshe dai, Baba."

"Kamar yaya?"

"Da mijina aka fara gwajin. Ana cikin yi ƙafafunsa suka kumbura, ƙodarsa ta daina aiki, suka sallame shi. Da suka fitar da sakamako, cewa suka yi wasu sun janye don kansu. Ya janye kam, har kabari."

Dattijon ya yi salati. "Ko dai ajali ne, 'yata?"

"Wataƙila. Amma da sun faɗi gaskiya, ai da likitoci sun bincika."

Ya daɗe yana jujjuya kwalin. "To ni yanzu in sha, ko in bari?"

Ta buɗe jaka, ta zaro irinsa sak. "Abin da na zo tambaya ke nan, Baba. Ni ma shi aka rubuta mini."