Golan Uke

A tashar mota ta Gwarinpa, wani mai furfura ya leƙa wayar saurayin da ke buga gem ɗin ƙwallo kusa da shi.

"Samari, wace ƙungiya ce mai koriyar riga? Ban san ta a Turai ba."

"Taurarin Karshi ce, Baba. Babu ita a gem ɗin, ni na ƙera 'yan wasan da hannuna. Har abokan hamayyarmu na Uke na saka."

"To golan Uke me ya yi maka, ka yi shi guntu kamar turmi?"

"Dominic? Mugu ke nan! Shi ya kama fanaretin babana, ya hana mu kofi. Har yau in aka ambace shi, babana ture tuwo yake. Kullum sai na zura masa biyar."

"Babanka Yamusa ne, mai ƙafar hagu?"

"Oga, ina ka san shi?"

Dattijon ya miƙe, kansa ya kusa taɓa rumfa, idonsa ya ciko.

"Ƙara min tsawo, yaro, wannan zalunci ne. Amma kada ka taɓa sunan. Tsaya in ɗauki hoto. Ni ne Dominic ɗin, kuma matata cewa take an manta da ni."