Matakalar da ke Tafiya da Kanta

A tashar Daura na ji wani dattijo ɗan Babban Mutum yana tambayar mutumin da ke kusa da shi.

"Malam, bayan Sallah zan kai 'ya'yana mata, 'yan sakandare, Kano kwana biyu. Da gaske akwai kanti mai matakalar da ke tafiya da kanta?"

"Wallahi, Baba! Kana tsaye, ita ke hawa da kai."

"Ikon Allah! Da ƙafar dama ake shiga, kamar masallaci?"

"To, ni dai daga ƙasa na tsaya ina kallo."

Dattijon ya sassauta murya.

"Na riga na ce musu na san Kano ciki da waje. Ba komai. Zan riƙe hannun Mardiyya, ƙaramar, in ce don kar ta faɗi ne."