Aidin Bai Toshe Hanjin Kowa Ba

Shugabar masu kayan miya ta Kasuwar Kure, Mama Esta, Malam Liman, Fasto, iyayena maza da mata, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama. Bana na gama karatun ɗaukar hoton asibiti, idan muryata ta yi rawa ku yi haƙuri.

Da farko, jinjina ga Kingsley mai cajin waya, wanda ya zama farfesa bai bar rumfarsa ba. Ya ga kan labarin wani bincike a kan aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, da toshewar jinin hanji, bai wahalar da idonsa da sauran ba, ya yi mana saƙon murya wai aidin ke toshe hanji. Albarkacinsa, yau a Sabon Gari gishiri ake shanyawa a rana kamar barkono, wai aidin ya fita. Madalla! Zai fita kuwa, maƙoƙo ya shigo.

Na biyu, ni na karanta binciken har ƙarshe, tun da ba ni da baiwar Farfesa. Ruwan aidin ake sa wa majiyyaci a jijiya kafin a ɗauki hoton cikinsa. Inda jini ke kaiwa, aidin ya kai, hoto ya nuna. Inda bai kai ba, likita ya gane hanya ta toshe. Aidin nuna cutar yake yi, ba kawo ta ba. Ban ce ba shi da sharaɗi ba: akan duba ƙoda, a tambayi ko ya taɓa yi wa mutum illa.

Na uku shi ya kawo ni. Kawuna mai suna Jiya, da ya ci abinci sai ciki ya murɗe, ya rame, har tsoron tuwo yake. Likita na zargin wannan cutar. Zargi na ce, hoto ne zai tabbatar. Kawu ya ƙi. Ya ce mini, “Ke yarinya, abin da ake kora daga gishiri za ku ɗura mini?” Hanjin da ya rasa jini kuwa mutuwa yake yi.

Farfesa, ga ka can bayan buhunan albasa. Kawu ba ya jin maganata, don a gabansa na yi rarrafe, amma taka yana ji. Ciro wayar, ka faɗa masa ya je a yi hoton. Za mu jira ka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa kasuwarmu albarka, ya ba malamanmu haƙurin karanta layi na biyu. Na gode.